Ragowar Fenti

Ni ne Bappayo mai fenti, na bakin tashar Kumo,
Mai zana zaki a bayan motocin Pindiga,
Da sunan uwar direba a saman gilashi.
Buroshina bai taɓa cin haram ba
Sai ran da aka kawo mini farin allo.

Alhaji Gidaɗo ɗan kwangila bai ko kashe mota ba,
Ya miƙo takarda ta taga: "Kwafe, kar ka rage ɗigo."
Asibitin haihuwa na Wuro Sambo,
Gado goma sha biyu, burtsatse, wutar sola,
Naira miliyan tamanin da huɗu.
Na zana takwas, na zana huɗu,
Na jera sifili shida kamar ƙwan zabi a faifai,
Har yarona Manu ya ce, "Oga, ba su ƙare ba?"
Can ƙasa, da ja: AN KAMMALA.
Ranar ko bulo ɗaya ba a buga ba.

Na sani. Na karɓi dubu bakwai na yi shiru.
Cikon dubu biyar ɗin har yau ban gani ba.

Damina uku allon na tsaye.
Gero ya fito a bayansa, ya yi kai, aka girbe.
Awaki sun sami inuwa,
Masu tallar nono sun sami kwatance:
"Jira ni a asibiti," sai su fashe da dariya.
Fentina mai kyau ne, bai koɗe ba.

Daren Talata, ana tsakiyar marka,
Naƙuda ta kama Adda Daso, wadda ta goya ni.
Kwalbatin da aka ce a rediyo an gyara sau biyu,
Ruwa ya tafi da shi tun bara,
Kwari ya wage baki tsakaninsu da kwalta.
Ɗan acaɓa ya ce bayan isha'i ba ya bin hanyar nan
Tun da aka sare ƙanensa aka ƙwace babur.
Motar sintiri na caji ofis, babu mai.

Sai amalanken shanu.
Suka bi da ita ta gaban allona,
Fitilar waya ta haska jan rubutun.
Yarinyar ta faɗo a bakin kwari, ta tsala kuka.
Adda ba ta kai asuba ba.

Bayan sadakar bakwai na sa hula.
Sakatariya suka ce fayil yana Gombe.
A Gombe, darakta ya tafi taro.
Wani saurayi a kan benci ya buɗe waya,
Ya nuna mini layi a littafin kasafi:
Wuro Sambo, an biya, ɗari bisa ɗari.
Ashe masu rubutun muna da yawa,
Nawa ne kawai ke tsaye a rana.

Ba roƙo ya kai ni ba.
Duk ƙarshen wata ana yanka wa shagona rasit,
Ana yanka wa mai faci, da mai shayi, da mai tura ruwa.
Wanda ya karɓi kuɗin cefane,
In ya dawo, ai a kan buɗe ledar a gani.

Shekaranjiya na girgiza gwangwani,
Akwai ragowar ja, kamar cikin kofi.
Na je da sassafe. Ban goge komai ba.
Ƙarƙashin AN KAMMALA na ƙara: A INA?

Jauro ya ce, "Za ka jawo mana."
Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya rage da ba a jawo ba?"

An mayar wa yarinyar sunan uwarta.
In ta girma, a allon nan za ta fara haɗa baƙi.
Wannan karon ba wanda ya biya ni,
Kuma hannuna bai yi rawa ba.